SUYAR DOYA: KADA TA SHA MAI

Jawabin da aka yi wa mata a wurin karatun yaƙi da jahilci na Gudel

 

Yau zancenmu a kan suyar doya ne, wadda ƴan'uwanmu Zabarmawa ke kira dundu. Doya ba ta yi a gonakinmu na Gudel, don tana son damina mai tsawo. Daga Benin da Najeriya ake kawo ta cikin manyan motoci, ta hanyar Gaya, har kasuwannin Yamai. Abin da ya sha tafiya haka ba ya araha. Man gujiya ma ba araha gare shi ba. To, bai kamata mu ɓata su a kasko ba.

Ku zaɓi doyar da ta kwana biyu. Sabuwar doya ta watan Agusta ruwa gare ta, ba ta yin ƙamas. A fere ta, a yanka tsaye-tsaye kamar yatsa, kada wani yanki ya fi wani kauri. A wanke, a zuba cikin ruwan gishiri ta ɗan jima. Sa'an nan a tsame cikin kwando ta tsane sarai. Doya mai ruwa tana sa mai ya yi tsalle ya ƙone hannu.

Ga babbar magana. Mai sanyi shi ke shiga cikin doya. Mai zafi kuwa yana rufe bayanta nan da nan, cikinta ya dahu da tururinta. Saboda haka ku jefa yanki ɗaya tukuna. In ya yi cuu, kumfa ya kewaye shi, mai ya yi. In ya nutse shiru, ku dakata. Kuma kada a cika kasko don sauri. Doya da yawa tana kashe zafin mai, ta fito laɓo-laɓo, ta shanye man da za ku yi aikin gobe da shi. Kaɗan-kaɗan ya fi. Idan ta yi ja, a kwashe cikin kwando mai ya ɗige.

Na san wasu za su ce mai ba abin zubarwa ba ne. Gaskiya ne. In ya huce, a tace shi da tsumma mai tsabta, a rufe. Amma man da ya yi baƙi, yana kumfa, yana hayaƙi tun bai yi zafi ba, ya mutu. Yawan cin irinsa yana ɓata jijiyoyin jini, yana wahal da zuciya. Mai saida doya a bakin lakkol ta tuna ƴaƴan maƙwabta ne ke ci.

Doya tana ba da ƙarfi, amma ita kaɗai ba ta gina jikin yaro. Ku haɗa masa da ƙosai, ko yajin ƙuli-ƙuli, ko ɗan kifi, tun da ga kogi a bayan gidajenmu. A yanka tumatir da albasa na garake a sa a kai. Gishiri kaɗan ya isa, musamman ga tsofaffi masu hawan jini.

Abu na ƙarshe. Ku girka kasko ya zauna daram a kan murhu. Murhun ƙarfe Mai Sauƙi ya fi duwatsu uku riƙe kasko, kuma ba ya cin icce da yawa. Yaro mai rarrafe kuwa a ba wata ta riƙe shi har a sauke.

Wadda ke da tambaya ta yi.