Ba da kyauta ma sai da karatu

 

Na san wasunku za su yi dariya in na ce akwai jami'ar da ake shiga don koyon ba da kyauta. To akwai ta. A jami'ar Indiyana ta ƙasar Amurka an buɗe cibiyar nazarin ayyukan agaji a shekarar 1987, a 2012 kuma ta zama makaranta sukutum, mai ba da digiri har na dakta.

Mi ake koyo a can? Ana karanta tarihi, kamar na attajiri Andrew Carnegie, wanda ya rubuta a 1889 cewa wajibi ne mai dukiya ya rarraba ta tun yana raye, ya kuma gina ɗakunan karatu kusan 2,500. Ana nazarin zakka da waƙafi. Ana koyon doka, da lissafin kuɗi, da dabarun neman gudummawa.

Amma darasin da ya fi kama hankalina shi ne wannan. A wasu jami'o'in Amurka, gidauniyar da Doris Buffett ta kafa ta sha danƙa wa aji guda dala 10,000 (dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta kasuwa ba), a ce su ba ƙungiyar da ta cancanta. Masu nema da yawa, kuɗin kaɗan. Dole ɗalibai su karanta takardun kowace ƙungiya, su binciki littafin kuɗinta, su tambayi nawa ke isa ga mabukata, nawa ke tafiya a albashi da mota. Sa'an nan su yi gardama a tsakaninsu, su hana wasu, su kuma bayyana dalili. Hanawar nan ita ce mai wuya.

Mu nan Nijar, tun bayan Taron Ƙasa na 1991 ƙungiyoyi masu zaman kansu suka yawaita. Wasu na aiki tsakani da Allah. Wasu, mu faɗi gaskiya, allo ne kawai a ƙofar gida. Alhaji, kai da ba ka sayen buhun hatsi sai ka zura hannu ciki, in an zo maka da takardar neman taimako, tambayi su wane ne ƴan kwamiti, yaushe suka yi taro na ƙarshe, kuma a nuna maka rijiyar da aka ce an gina bara.