Kafin a ɗinka masa kayan makaranta

A nan Suleja, idan yaro ya tashi daga sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, ko ya faɗo daga babur, da zarar ya miƙe sai mu yi hamdala mu kai shi aji. Amma raunin ƙwaƙwalwa kan yi likimo. Sai an fara karatu a ga mantuwa, harafi ya ƙi zama, malam ya ce daƙiƙi ne, bulala ta biyo baya.

Don gano irin wannan rauni, masana na gwada ɗan shekara 3 zuwa 6 da hotuna da 'yan katakai, kamar wasa, su auna magana, tunawa da natsuwa. Asibitin koyarwa na Gwagwalada ba nisa. Ku fara da likitan yara, a duba har kunne, domin sanƙarau kan kurmantar.