Neman Aure Ta Manhajojin Kyauta: Ina Waliyyi, Ina Bincike?

  

'Yan'uwa Musulmi, maudu'in da za mu tattauna a kansa yau shi ne manhajojin neman masoyi da ake saukewa kyauta a wayar hannu, irin su Tinder da Badoo, da kuma waɗanda aka tsara domin Musulmi kamar Muzz. Wataƙila wani ya ga bai dace a kawo wannan magana majalisi irin wannan ba. To amma akwai samarinmu da 'yan matanmu da zawarawanmu a cikinsu, wasu da kyakkyawar niyyar aure, kuma shirunmu ba zai fitar da su ba. Neman aure halal ne. Wajibinmu shi ne mu bayyana inda haɗari yake, da yadda shari'a ta riga ta toshe shi.

Mu fara da kalmar kyauta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanonin nan 'yan kasuwa ne, ribarsu tana zuwa ne daga masu biyan kuɗin ƙarin hidima da kuma tallace-tallace, su kuwa masu talla bayanan mutane suke nema: shekaru, jinsi, irin wayar da ake riƙe da ita, da wurin da mai ita yake. A watan Janairu na 2020 majalisar kare masu sayayya ta ƙasar Norway ta fitar da rahoton da ya nuna cewa manhajojin soyayya, har da Tinder da OkCupid, suna miƙa bayanan masu amfani da su ga kamfanonin talla. A watan Nuwamba na wannan shekarar kuma kafar labarai ta Motherboard ta bayyana cewa manhajar Muslim Mingle tana cikin masu aika bayanan wurin da mutane suke zuwa ga wani kamfani mai suna X-Mode, wanda daga cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar rundunar sojin Amurka. Ashe ke nan sunan Musulunci a jikin manhaja bai isa ya zama shaidar amana ba.

Haɗari na biyu shi ne damfara. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka, wato FTC, ta ce a 2022 kusan mutum 70,000 ne suka kai mata ƙarar damfarar soyayya, asararsu ta kai dala biliyan 1.3. A nan gida Nijeriya, a watan Disamba na 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a wani bene a Victoria Island da ke Legas, cikinsu har da 'yan ƙasar Sin 148, bisa zargin damfarar soyayya da ta kuɗin kirifto. Wannan yana nuna mana cewa wanda yake aiko da saƙon safe da na dare yana iya kasancewa ma'aikaci ne da aka ba rubutun da zai bi. Hanyarsu kusan ɗaya ce. Cikin 'yan kwanaki zai ce ya ga matar aure, ya nemi a bar manhajar a koma WhatsApp, ya ce yana aiki a wata ƙasa mai nisa. Daga nan sai uzuri ya taso: mahaifiya tana asibiti, ko kaya sun maƙale a kwastan, ko ga wata harka mai ninka kuɗi. Idan ya lura mai addini yake magana da ita, sai ya cika bakinsa da insha Allahu da masha Allahu, domin ya san ta nan za a buɗe masa ƙofa.

Na uku, hotuna. Mai wannan sana'a yakan fara aiko da hoton da ba nasa ba, ya nemi a rama masa da na tsiraici, da zarar ya samu sai ya ce a biya shi ko ya watsa wa dangi. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya rufe asusun Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya saboda wannan aiki. A shekarar ce kuma wata kotu a jihar Michigan ta Amurka ta ɗaure wasu 'yan'uwa biyu daga Legas shekara 17 da rabi kowannensu, bayan wani yaro ɗan shekara 17 da suka yi wa irin wannan barazana ya kashe kansa a 2022. Samari su lura, maza ma ana farautarsu.

Na huɗu, haɗuwa ido da ido. A watan Yuli na 2012 wasu da suka saba da wata ɗaliba ta Facebook suka gayyato ta daga Abuja zuwa Legas, suka sauke ta a wani otal a Festac, suka sa mata ƙwaya, suka yi mata fashi, suka kashe ta. A 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Watanni suka yi suna gina amincewa kafin wannan rana.

'Yan'uwa, in muka duba damfara da barazanar hoto da haɗuwar otal, za mu ga dukkansu abu ɗaya suke buƙata, wato mutum ya kasance shi kaɗai, ba wanda ya san da wa yake magana. Wannan kuwa shi ne abin da shari'a ta hana tun farko. Ta hana keɓewar namiji da macen da ba muharramarsa ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya lissafa waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai cikin abubuwan da aure yake buƙata. Haka nan Imamu Muslim ya ruwaito cewa Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawarar Manzon Allah (SAW) a kan Mu'awiya da Abu Jahmi da suka nemi aurenta, ya bayyana mata halin kowannensu, ya nuna mata Usama ɗan Zaidu. Daga nan malamai suka fahimci cewa faɗin aibin mai neman aure ga wanda ya nemi shawara nasiha ce, ba giba ba. Abin da manhaja ta cire daga neman aure shi ne waliyyi da bincike. Duk wanda zai shige ta, lalle ne ya mayar da su da kansa.

Saboda haka muna nasiha da waɗannan abubuwa.

Na ɗaya, tun ranar farko a sanar da waliyyi ko wani babba a gida. Muzz ma tana da tsarin da ake sanya mai sa ido ya riƙa ganin hirar. Wanda ya ce a ɓoye maganar tukuna, a rabu da shi.

Na biyu, kada a rubuta unguwa, ko makaranta, ko wurin aiki, kada a sa hoton da ke nuna ƙofar gida. A shiga saitin waya a taƙaita izinin da aka ba manhajar na sanin wurin da mutum yake.

Na uku, kada a aika kuɗi ko katin waya ga wanda ba a taɓa gani ba. Lambar BVN da NIN da lambar sirri ta banki ba su da wata alaƙa da neman aure.

Na huɗu, kada a aika hoton da ba za a iya nuna wa mahaifi ba. Wanda kuwa aka riga aka yi wa barazana, kada ya biya, domin biya ba ya kashe maganar. Ya adana saƙonnin, ya gaya wa wani babba, a kai ƙara wurin 'yan sanda. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan irin wannan.

Na biyar, kiran bidiyo yana taimakawa, amma bai wadatar ba, tunda yanzu ana iya ƙirƙirar fuska da murya da kwamfuta. A tambayi garinsa da masallacinsa da danginsa, a tura mutum ya je ya gani. Aure ba cinikin biri a sama ba ne.

Na shida, haɗuwar farko ta kasance a gidan iyayen mace, da rana, da sanin manya. Namiji ma kada ya tafi garin da bai sani ba shi kaɗai a wannan zamani na garkuwa da mutane. In magana ta kankama a yi gwajin lafiya, wanda jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024.

Daga ƙarshe muna kira ga iyaye. Yarinyar da ta san duka da zagi za ta tarar ba za ta faɗi da wa take magana ba, wannan shirun kuwa shi ne jarin ɗan damfara. Mu saurari 'ya'yanmu, mu sauƙaƙa lefe da kayan ɗaki, mu taimaki zawarawa su sami mazaje ta hannun mutanen da aka sani.

Allah ya tsare mana imaninmu da mutuncinmu, ya ba marasa aure abokan zama nagari.