In An Kama Namu a Njamena, Ina Za Mu Nemi Sunansa?

Jawabin kwamitin jin daɗin 'yan ƙungiya a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu

 



Waɗanda suka riga mu magana sun yi bayanin kuɗin duwan da canjin naira da sefa. Mu namu rabon ba mai daɗi ba ne. Mu ne ake bugo wa waya cikin dare a ce an kama wane, ba a san inda aka kai shi ba. Shekarun da muka yi muna wannan zirga-zirga sun koya mana abu ɗaya, shi muke so kowa ya koma gida da shi: wanda aka tsare, ta hanyar takarda ake gano shi, ta hanyar takarda kuma yake fita.

Bari mu fara da abin da ya same mu. Wata shekara wani yaron mota ya taso daga Maiduguri da lodi, suka bi Gamboru, suka tsallaka Fotokol, suka kwana Kusiri, suka haye gadar Ngueli suka shigo gari lafiya. Da magariba ya fita neman abinci, bai dawo ba. Kwana 17 muna yawo daga ofishi zuwa ofishi, har ɗakin ajiye gawa mun leƙa. Mahaifiyarsa a gida ta fara karɓar gaisuwa. Ashe tun daren farko sunansa na cikin littafin wani ofishi da muka je har sau biyu. Mu laƙabinsa na tasha muka sani, da muka tuna sunan yanka sai muka ce Abubakar. Mai rubutu kuwa Abakar ya ji, Abakar ya rubuta, ya bi shi da sunan mahaifin da babu wanda ya sani a cikinmu. Ba wanda ya ɓoye mana shi. Mu ne ba mu san yadda za mu tambaya ba.

Harshen hukuma a Chadi Faransanci ne da Larabci, kuma kunnen mai rubutu ya saba da sunayen nan ƙasar. Muhammadu ya zama Mahamat, Ibrahim ya zama Brahim, Usman ya zama Ousmane, Yusuf Youssouf, Haruna Haroun. Saboda haka kada wanda ya sake zuwa neman mutum da suna ɗaya a baki. A tafi da sunansa da na uba da na uwa, da garin da aka haife shi, da shekara, da hoto, a kuma rubuta sunan ta kowace fuska da za a iya rubuta shi. Abin da ya fi suna saurin fito da mutum shi ne rana da wuri. In ka ce "an kama shi ran Talata da dare kusa da kasuwar Dembe", mai littafi zai buɗe shafin ranar, ku duba tare.

Hanyar da takarda ke bi kuwa zango huɗu ce, kamar ta fatake.

Zango na farko, hannun wanda ya kama. A tambayi waɗanda suka gani: 'yan sanda ne, ko jandarma, ko 'yan duwan? Kowa da ofishinsa, kowa da littafinsa. Njamena gunduma 10 ce, 'yan sanda na da komisariya a gundumomin ban da babbar komisariya, jandarma kuma na da nasu birgad. A fara da gundumar da abin ya faru. Wannan tsarewa ta farko suna kiranta garde à vue. Dokar shari'ar laifuka ta Chadi, wadda aka sabunta a 2017, ta ba ta awa 48, ba a ƙarawa sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati, wato procureur. Cikin waɗannan awoyi ake rubuta bayanin wanda aka kama, a ce ya sa hannu. Ku gaya wa yaranku: wanda ba ya jin Faransanci ya nemi tafinta, kada ya dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta masa ba. Wannan takarda ita za ta riga shi isa gaban alƙali.

Zango na biyu, ofishin mai gabatar da ƙara a kotu, abin da suke kira parquet. A nan ake ba magana lamba. Procureur na iya sakin mutum, ko ya kai shi gaban kotu kai tsaye, ko ya miƙa shi ga alƙali mai bincike in maganar na da nauyi. Wannan lamba ita ce igiyar raƙumi, wanda ya riƙe ta ya riƙe maganar duka. A rubuta ta, da ranar da aka kawo mutumin, da ɗakin alƙalin da aka ba.

Zango na uku, gidan kaso. Bisa doka ba a karɓar mutum a can sai da takardar umarnin alƙali, mandat de dépôt, kuma duk wanda ya shiga ana sa shi a babban littafin gidan, registre d'écrou. A nan ma a nemi lambarsa da ranar shigarsa, a kuma karɓi takardar izinin ziyara daga alƙalin da maganar ke hannunsa. Dattawa za su tuna tsohon gidan kaso na tsakiyar gari wanda aka rushe a Disamba 2011, aka kwashe mutanen ciki zuwa Moussoro da wasu garuruwa. Bayan haka Amsinene ya zama gidan kason birnin, sannan a 2021 aka buɗe na Klessoum a bayan gari. Bayan zanga-zangar 20 ga Oktoba 2022 kuma an kai ɗaruruwan mutane Koro Toro, cikin hamada, wajen kilomita 600 arewa da nan, a can aka yi musu shari'a. Mun kawo waɗannan ne don ku sani ana iya ɗauke mutum daga inda kuka bar shi. In aka ce muku ba ya nan, kada ku juya. Ku tambaya cikin ladabi yaushe ya fita, da wace takarda, zuwa ina, domin fita ma rubuta ta ake yi.

Mafi yawan waɗanda muka tarar sun daɗe a ciki ba hukunci ne ya zaunar da su ba. Mantuwa ce. Takardunsu na kwance a wani ɗaki, ba mai zuwa tambaya. Baƙon da ba shi da kowa shi ake fi mantawa da shi, kuma don irinsa aka kafa ƙungiya.

Zango na huɗu, ofishin magatakardan kotu, greffe. Ko an ɗaure mutum ko an wanke shi, hukuncin na can a rubuce. A biya kuɗin da aka ƙayyade, a karɓi rasit, a karɓi kwafi mai hatimi. Kwanakin ɗaukaka ƙara ƙididdigaggu ne, wanda ya tsaya jiran shawarar dangi daga gida sai ya iske ƙofa a rufe. Wanda aka saka kuma kada murna ta sa ya fito hannu rabbana. Ya karɓi takardar sakinsa, ya yi mata kwafi uku: ɗaya a aljihu, ɗaya a gida, ɗaya a ofishin ƙungiya. Mun ga wanda aka sake tarewa a shinge kan maganar da ta mutu shekara biyu da suka wuce, takardar nan ce ta cece shi. Daga wannan ɓangare na kotu ne kuma ake neman casier judiciaire, takardar da ke nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci. Mai lamba 3 ita ake ba mai ita, kuma ana tambayarta wajen rajistar kasuwanci da neman aiki.

Ga abin da ya shafe mu musamman, mu masu ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Kusiri da Njamena kogi kawai ya raba su, amma Kusiri Kamaru ce. Wanda aka kama a hayin can, littafinsa da alƙalinsa na can, ko shekara za ka yi kana bincike a nan ba za ka gan shi ba. Sai a fara tantance a wane gefen gada aka gan shi na ƙarshe. Chadi kuma ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, wadda mutanen Nijar suka sani da CEDEAO, don haka kada a ɗauka takardar da ta wuce da mutum Maraɗi ko Kwatano za ta wadatar a nan. Kowa ya je ofishin jakadancin ƙasarsa ya yi rajista. Yarjejeniyar Vienna ta 1963, a sashe na 36, ta ba baƙon da aka tsare damar ya nemi a sanar da jakadancinsa, su kuma su ziyarce shi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, akwai ƙungiyoyin kare haƙƙi na ƙasar nan irin su LTDH da APLFT da ake kai wa kuka.

Sai maganar da ba ma son faɗa. A ƙofar kowane ofishi akwai masu cewa "kawo jaka hamsin in fito maka da shi yau". Wani ya ci ya ɓace. Wani kuma ya fito da mutumin ta bayan gida, littafi bai nuna an rufe magana ba, ta zauna tana jiransa. Mu ma muna da namu laifin. Mu ne muke kai ɗan'uwa komisariya kan bashin buhun sukari, alhali bashin ciniki maganar sulhu ce ko kotun kasuwanci. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Da muna rubutawa, da rabin kiran daren nan bai zo mana ba.

Wanda ke ganin takarda ba komai ba ce, ya tuna abin da ya faru a garin nan. Daga 1982 zuwa 1990, zamanin Hissène Habré, hukumar tsaro ta DDS ta tsare dubban mutane, iyalansu ba su san inda suke ba. A 2001 Reed Brody da Olivier Bercault na ƙungiyar Human Rights Watch suka shiga tsohon ofishin hukumar a nan Njamena, suka tarar da takardu zube a ƙasa cikin ƙura. Da aka tattara, an sami sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare, da 12,321 da aka azabtar ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Souleymane Guengueng, wanda shi ma ya sha ɗauri, ya tara bayanan ɗaruruwan 'yan'uwansa ya ɓoye su shekaru. Waɗannan takardu na cikin hujjojin da aka kai Dakar, inda kotu ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai ran 30 ga Mayu 2016. Iyalai da yawa a cikinsu suka fara ganin ranar da nasu ya rasu.

Don haka kwamiti na roƙon taro ya amince da abu uku. Na ɗaya, a buɗe littafin 'yan ƙungiya, kowane maigida ya rubuta direbansa da yaransa da cikakken suna yadda yake a katinsu, da hoto, da lambar wani nasu a gida. Na biyu, a naɗa mutum biyu masu jin Faransanci da Larabcin Chadi, waɗanda za a kira tun awoyin farko. Na uku, a ware wani abu daga kuɗin wata don tafinta da lauya da abincin wanda ke ciki. Mai gaskiya za mu tsaya masa har ya fito. Mai laifi ba za mu ɓoye shi ba, amma ba za mu bari a manta da shi ba.

Yaron nan da muka ba ku labarinsa yanzu direba ne, da motarsa. Shi ya ce a fara littafin da sunansa, kuma a rubuta shi ta fuska biyu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan ƙungiya. Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare ba da haƙƙinsu ba, Ya kare mu daga tsautsayin hanya, Ya zaunar da Chadi da maƙwabtanta lafiya, Ya maimaita mana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.