Takardar Tabarau Da Idon Yaro

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara a Daura)



Shugaban taro, wakilin Mai Martaba Sarkin Daura, iyayenmu malamai, Allah ya ƙara muku lafiya, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi wa kowa barka da zuwa. Kwamiti ya nemi in yi magana kan sana'ata ta awon ido, aka ba ni minti goma. Saboda haka na zaɓi abu ɗaya tak, wato 'yar takardar nan da ake miƙa wa uba a asibiti bayan an auna idon ɗansa, wadda yawancinmu kan ninke mu jefa aljihu ba tare da mun san abin da ta ƙunsa ba.

Bari in fara da tonon asirin kaina. Ina da jika, 'yar shekara 9. Zango biyu a jere sakamakonta yana ja da baya. Uwarta ta yi faɗa, ni ma na yi, har muka ɗauko mata malamin darasi. Wata rana da la'asar ina zaune a ƙofar gida na ce ta karanta mini lambar motar da ke tsaye a tsallaken hanya. Sai na ga ta ƙanƙance ido, ta karkata kai, ta yi shiru. Jikina ya yi sanyi. Na yi shekaru ina auna idon 'ya'yan mutane, ga tawa a gida ban lura ba. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ba daƙiƙanci ke damun yarinyar ba, allo ne ba ta gani, kuma ba ta taɓa faɗa ba domin tana zaton kowa haka yake ganinsa.

Ga abin da aka rubuta mata. Layin farko: RE, SPH −2.00, CYL −0.75, AXIS 180. Layi na biyu: LE, SPH −1.50. A ƙasa kuma PD 56. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

RE idon dama ne, LE na hagu. Wasu likitoci kan rubuta OD a dama, OS a hagu, daga harshen Latin, amma ma'anar ɗaya ce. Kowane ido da layinsa, domin sau da yawa ƙarfinsu yakan bambanta.

SPH shi ne ƙarfin gilashin, ana ƙirga shi da ma'aunin da ake kira dayofta, yana hawa da kwata-kwata: 0.25, 0.50, 0.75, 1.00. Kafin ku dubi lambar, ku fara duba alamar da ke gabanta. In alamar ɗebewa ce, yaron yana ganin kusa sarai, nesa ce ke yi masa hazo. Galibi ƙwayar idonsa ce ta ɗan yi tsawo, sai hoton abu ya haɗu kafin ya kai bangon bayan ido. Malaminmu na lissafi yana nan zaune, to ga aikin aji: a raba 100 da lambar, amsar ita ce iyakar ganin yaron garau a santimita. Na jikata 2.00 ne, wato santimita 50, kamu ɗaya da 'yan kai. Littafin da ke hannunta tana karanta shi lafiya lau, amma allon da ke gaban aji sai dai ta yi cinta.

In kuwa alamar tarawa ce, ƙwayar idon ta ɗan gajarta. Irin wannan ya fi ɓuya, domin idon yaro yana da ƙarfin da zai matsa wa kansa ya gani. Sai dai matsin yana da farashi: ciwon kai bayan karatu, saurin gajiya, ƙin littafi. A wasu ƙananan yara ma shi ke jawo ido ɗaya ya karkato wajen hanci, abin da muke kira harara-garke, kuma sau da yawa tabarau kaɗai kan miƙar da irin wannan.

CYL da AXIS tare suke tafiya. Fatar gaban ido mai sheƙi kamata ya yi ta zama kamar bayan ƙwallo, lanƙwasarta daidai ta kowane gefe. A wasu mutane sai ta zo kamar bayan cokali, wani gefen ya fi wani lanƙwasa, haruffa su riƙa yin inuwa ko daga kusa ko daga nesa. CYL yana faɗin yawan gyaran da ake bukata, AXIS kuma yana nuna kusurwar da za a ɗora gyaran, daga digiri 1 zuwa 180. Na sha ganin uba ya firgita da ya ga 180, yana cewa idon ɗansa ya ƙare. Ku kwantar da hankalinku, lambar AXIS ba ta nuna tsananin ciwo, shiyya kawai take nunawa. In an bar gurbin CYL babu komai, kamar idon hagun jikata, to wannan idon ba ya bukatar irin gyaran.

PD ita ce tazarar da ke tsakanin tsakiyar baƙin idon dama da na hagu, a milimita. Da ita mai yanka gilashi ke daidaita tsakiyar gilashin da tsakiyar ido. Shi ya sa bai dace a ba ƙane tabarau ɗin yayansa ba, ko da lambobinsu sun yi kusa.

Wani lokaci za ku ga 6/6 ko 6/12 a gefen takardar. Wannan sakamakon allon haruffan nan ne da ke tafiya suna ƙanƙancewa, wanda wani likitan ƙasar Holan mai suna Herman Snellen ya tsara a 1862. Ana tsayar da yaro mita 6 daga allon. In ya sami 6/6, lafiya ƙalau. In 6/12 ne, abin da mai lafiyayyen ido ke karantawa daga mita 12, shi sai ya matso mita 6.

Akwai kuma maganin da ake ɗiga wa yara kafin awo. Yana sassauta naman cikin ido na ɗan lokaci domin lambar gaskiya ta fito. Yaro zai ga dishi-dishi, rana ta dame shi na kamar yini guda, wani maganin ma yakan kai mako ɗaya ko biyu, sannan ya warware. Kada wannan ya sa ku gudu daga asibiti.

Yanzu ga inda nake roƙon ku ba ni hankalinku. Gani koyonsa ake yi, kamar magana. Ƙwaƙwalwar yaro tana koyon aiki da ido ne daga haihuwa zuwa kamar shekara 7 ko 8. In ido ɗaya yana aika hoto mai hazo a waɗannan shekaru, sai ƙwaƙwalwa ta yi watsi da shi ta dogara da ɗan'uwansa. Ido ne lafiyayye a fuska, amma ya zama raggo. Don haka in kun ga lambar dama da ta hagu sun yi nisa da juna, misali +0.50 da +3.00, kada ku yi sakaci. Magani shi ne tabarau, wani lokaci da rufe ido mai ƙarfin na wasu sa'o'i a rana domin a tilasta wa raggon aiki. In an kama abin da wuri yakan gyaru. In an bari yaro ya girma, gyaran yakan yi wuya ƙwarai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na san abin da ake faɗa a gidajenmu, wai tabarau na cin ido. Asalin zancen shi ne iyaye kan ga lambar ta ƙaru bayan shekara. To, ƙwayar ido ce ke girma tare da yaro, kamar yadda ƙafarsa ke fin takalmi, kuma ko an sa tabarau ko ba a sa ba za ta girma. Abin da bincike ya nuna yana rage kamuwa da rashin ganin nesa shi ne zama a waje cikin hasken rana, kamar awa biyu kullum. Mu da muka tashi muna langa da ƙwallo a fili mun sami wannan kyauta, jikokinmu kuwa waya ta tsare su a ɗaka.

Tabarau ɗin da ake shimfiɗawa a tebur a kasuwar Daura ko ta Mai'adua, na karatu ne don irinmu da muka haura 40. Alamar tarawa ce a jikinsu, ƙarfi ɗaya dama da hagu, babu CYL. In ka sa wa yaron da ba ya ganin nesa, ƙara masa hazo ka yi. A kai yaro inda za a auna shi. A fara da asibitin Daura, ga asibitin ido a Katsina, ga na ECWA a Kano da ke aiki tun 1943, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Mai awo kuma ya zama mai rajista da hukumar da dokar 1989 ta kafa don kula da masu wannan sana'a. A adana takardar, a koma da ita duk shekara, domin da tsohuwar ake gane saurin canjin sabuwar.

Iyayenmu malamai, kowannenmu yana tuna wani ɗan ajinsu da kullum yake kwafe daga littafin na kusa da shi, ya sha bulala, daga baya ya bar makaranta. Tun da abin jikata ya faru nake tambayar kaina, nawa ne daga cikinsu allo kawai ba sa gani? Ba laifinku ba ne, a lokacin ba wanda ya ba ku abin awo.

Saboda haka ina gabatar wa ƙungiya shawara. Mu saya wa makarantarmu allon haruffa, mu koya wa malamai biyu amfani da shi, a auna duk sabon ɗalibi a zangon farko, ido ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kasa karanta layin 6/12 a rubuta wa iyayensa, wanda iyayensa ba su da hali asusunmu ya saya masa tabarau. Ni na ɗauki nauyin koyarwar kyauta. Jikata kuwa, alhamdu lillahi, ta koma bencin baya da kanta, kuma ita ke karanta wa ƙawayenta allo yanzu.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.