Gwajin Jinin Kare Kafin Allura

A Turai da Amurka wasu masu karnuka kan sa a ɗebi jinin kare a duba ko garkuwar allurar baya tana nan, kafin a sake masa wata. Ga cutar parvo, mai sa kwikwiyo amai da zawon jini har ya mutu, gwajin yana da amfani ƙwarai.

Amma haukan kare daban yake. Yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, yara da yawa a ciki. Alamu na bayyana, magani ya ƙare. Mafarauta da masu karen gadi, don Allah kada ku jira gwaji, ku kai karnukanku wurin likitan dabbobi a yi musu allura. Cibiyar Vom da ke Filato tana haɗa allurar.