Babbar Kilarinet da Matsayinta a Ƙungiyar Okestira



Zancena na yau kan mabusan kilarinet ne a ƙungiyar okestira ta Turai, musamman wanda ke zaune a ƙarshen layinsu riƙe da babbar kilarinet. A ganina aikinsa ya fi ƙarfin kulawar da ake ba shi.

Kilarinet ta samo asali ne a birnin Nurembag na Jamus wajen shekarar 1700, a hannun Johann Christoph Denner. Algaita harshen kara biyu gare ta, kilarinet kuwa ɗaya tak, shi ya sa take iya yin ƙasa da murya har kamar raɗa. Mafi yawan na ƙwararru da baƙin icen Tanzaniya da Mozambik ake sassaƙa su.

Bisa al'ada mabusa biyu ne. Na farko ya ja waƙa, na biyu ya dafa masa daga ƙasa. Da okestira ta bunƙasa a ƙarni na 19, aka ƙara na uku mai babbar kilarinet, wadda Adolphe Sax ya gyara ƙirarta a 1838. Doguwa ce, wuyanta na ƙarfe a lanƙwashe, bakinta na kallon sama, an kafa ta a ƙasa da turke. Muryarta na ƙasa da ta ƙaramar da matakai takwas cif. Tsofaffin ƙira a muryar E suke tsayawa, wasu na zamani kuwa suna gangarawa har muryar C, inda mabushi ke danna ƙarin maɓallai da babban yatsan dama. Nan take haɗuwa da ƙarshen zurfin basun, wani abin busa mai zurfin murya a okestira.

Me mawallafa suka yi da wannan zurfi? Meyerbeer ya bar ta ta yi magana ita kaɗai a wasan opera na Les Huguenots a 1836. Wagner ya ɗora mata baƙin cikin Sarki Marke a wasan opera na Tristan und Isolde a 1865.

Misalin da ya fi ratsa ni yana cikin simfoni ta shida ta Tchaikovsky, ta 1893. A kashi na farko kilarinet na gangarowa a hankali har ta ƙure iyakarta, sai Tchaikovsky ya miƙa wa basun muryoyi huɗu na ƙarshe, ya rubuta harafin p har shida, wato a sassauta iya sassautawa. Basun na shan wuya kafin ta yi laushi haka. Don haka jagorori da dama ke ba babbar kilarinet wannan wuri, kunne bai jin inda aka karɓa, sannan okestira duka ta fashe da ƙara. Muryoyi huɗun nan su ke sa fashewar ta girgiza mai sauraro.

Saboda haka, ɗalibai masu koyon tsara kiɗa, kafin ku rubuta mata C, ku tambayi mabushinku ko tasa na kaiwa can. Ku kuma ba ta wurin da sauran za su lafa, don zurfinta da laushinta su fito.